Kyamarata ta ƙi kawo wuta gaba ɗaya, wa ya taɓa gamuwa da irin haka?

Maihoto_Kurna:
Slm jama'a, dan Allah masu sana'a ku kawo ɗauki. Canon 600D nake aiki da ita, jiya da daddare na gama ɗaukan kamu lafiya lau na mayar da ita jaka, yau da safe na murɗa makunni shiru kake ji, sukirin bai kawo ba, ba ƙara ba motsi ba komai. Batir kuma a cike yake don caja ta nuna kore. Ran Asabar ina da ɗaurin aure da dina kuma har an ba ni kafin alƙalami. Kar wani ya ce min kawai in kai wa mai gyara, wannan na sani, so nake duk wanda tasa ta taɓa yi masa haka ya faɗa mana mene ne ya jawo da yadda aka yi ta tashi.

Tsohon_hannu:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kwantar da hankalinka tukuna. Tun zamanin fim nake wannan harka, kuma mafi yawan kyamarorin da yara ke kawo min da hannu a ka wai sun mutu, ba mutuwar suka yi ba. Fara da murfi. Canon ɗin nan tana da wani ɗan mitsitsin makunni a bakin ramin batir, akwai wani kuma a murfin katin memori, in ɗaya bai dannu ba to ko batir sabo fil ne daga kwali ba za ta tashi ba, haka aka ƙera ta don kar wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu a kati. Ni 550D ce ta yi min, yaron shagona ya yar da ita a wajen hawan Daushe, ba ta fashe ba ba ta yi komai ba, ashe ɗan haƙorin robar da ke jikin murfin batir ne ya karye, shi ne mai danna makunnin. Murfin yana rufuwa daidai ka ji ƙas, amma ba abin da yake dannawa. Da tsinken sakace na gane, na tura batir na danne makunnin a hankali sai ga ta ta kawo. Murfi kawai na canja.
Ga gwaji mai sauƙi: sa kati, sa batir, rufe murfi kana kallon ɗan jan fitilar nan ta kati da ke baya. A tawa tana ƙiftawa ko da makunni yana kashe. In ta ƙifta wuta na shiga ciki kenan.

Abba_Bidiyo:
Baba ya faɗi gsky, amma ni wannan maganar ta "caja ta nuna kore" ita ce ban yarda da ita ba sam. Koren caja ba shaida ba ce wlh, musamman in cajar ba orijina ba ce. Batirin da ya gaji yana cika da wuri ne saboda ba abin da yake iya ɗauka, minti kaɗan ka ga kore ka ɗauka ka more. Nawa haka ya yi ta yi min, na sa mita ta nuna bolt 8 da ɗoriya kamar lafiyayye, amma da zarar kyamara ta ja wuta sai ya zube. Batirin 600D, wato LP-E8, an rubuta bolt 7.2 a jikinsa, in ya cika taf yana kai wajen 8.4, in ka auna ka ga 6 ko ƙasa da haka bayan ya kwana a caji to ka yi masa addu'a kawai. Amma mafi sauƙi oga ka nemi aron batirin da ka ga yana aiki da idonka a wata kyamarar. 550D, 600D, 650D da 700D duk batir ɗaya suke ci, kuma a Kano ba za ka rasa mai ɗaya daga cikinsu a unguwarku ba. Sai kuma ka sa naka a tasa, nan take za a san mai laifi.
Wani abu kuma, cajar nan mai ƙafa biyu da ake matse batirin waya da ita, na ga masu ƙoƙarin cajin batirin kyamara da ita, bolt 4.2 take bayarwa, ba za ta taɓa cika shi ba ko zai shekara a ciki.

Anti_Maikyamara:
Sannu ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita kafin Asabar. Tambaya ta, wajen kamun a ɗakin taro ne mai sanyin AC? Don ni abin da ya faru da ni kenan a Kaduna cikin watan Agusta da Nikon D3200 ɗina. Mun daɗe a ciki sanyi kamar me, sai aka ce amarya za ta fito waje a yi hoton dangi, ina fitowa ana ɗan yayyafi ga iska mai ɗumi, gilashin lens ya yi hazo na goge na ci gaba, kafin a watse ta fara kashe kanta daga nan ta ɗauke ɗif. Gumin da ka gani a waje irinsa ne ke taruwa a ciki kan wayoyin wuta da bod, wato allon lantarkin kyamarar. Wata babbar yaya a sana'ar ta ce min kar in sake in ƙara kunna ta, in cire batir da kati da lens, in buɗe duk murafan in saka ta a roba mai murfi da ƙananan ƙunshin nan na silika da ake samu a kwalin takalmi da jaka. Bayan kwanaki ta tashi kuma har yau da ita nake aiki. Yanzu in zan fito daga sanyi jaka nake saka ta in zuge, sai ta ɗan yi ɗumi tukuna.

Abba_Bidiyo:
Anti da kin tura ta cikin buhun shinkafa ai da an gama 😂

Anti_Maikyamara:
Rufa min asiri Abba, garin shinkafa ya shige min madubi da sensa in shiga uku? Waya ma masu gyara hanawa suke balle abin da ke da rami buɗe.

Maihoto_Kurna:
Na gode ƙwarai. Anti a tsakar gida aka yi, ba AC ba ruwa. Baba fitilar ba ta ƙifta ba, amma fa ni babu murfin batir a jikinta don girif nake amfani da shi, mariƙin nan da ake ɗaurawa a ƙasanta mai cin batir biyu, duka biyun kuma na caja su.

Tsohon_hannu:
Kai ƙanina ai da wannan za ka fara! Girif shi ne ya maye gurbin murfin, wato sandar nan da ke shigewa ramin batir ita ke kai wuta kuma jikinsa ne ke danne makunnin da nake ba ka labari. In dunƙulen da ake murɗawa a ƙasa ya ɗan saki ko kaɗan ne wuta ta yanke, ga shi kullum a rataye a wuya ana jijjiga shi. Kwance shi gaba ɗaya. Murfinka na asali duba jikin sandar girif ɗin akwai wajen da ake maƙale shi, yawanci can mutane ke mantawa da shi. Mayar da murfi, sa batir ɗaya kai tsaye, ka dawo ka ba mu labari.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum yan uwa na Najeriya, mu ma nan muna biye. Tawa Sony A6000 ce, kuma zahi ne ya kashe min bateri. Watan Afirilu ne, kun san yadda garinmu yake, rana ta wuce 40, na bar jaka cikin mota gilashi rufe muka shiga wajen suna. Da na fito kyamara ta yi zahi ba ta taɓuwa, na kunna ba ta kama ba, da na zo fidda bateri ma ya ƙi fitowa sai da na ja shi da salatif don ya kumbura. A takardar kyamarar an rubuta daga 0 zuwa 40 ne ma'aunin zahin da take aiki, to cikin mota a rana ya fi haka nesa. Wanda duk baterinshi ya kumbura, ka aza shi bisa tebur in yana juyawa ko yana rawa bai zauna daram ba, kar ka sake maida shi caji, yana iya kamawa da wuta. Na biyu kuma, ajiya. Ina da wani baterin Sony NP-FW50 da na bari babu caji tun bayan Tabaski (Babbar Sallah) har watanni, ya faɗi ƙasa sosai har ya kulle kanshi, ta USB a jikin kyamara ya ƙi ɗauka sam. In za ku aje bateri ku bar mishi kamar rabin caji kuma ku fidda shi daga kyamara.

Sarkin_Dina:
Nawa labarin bai shafi mai 600D ba don shi SD yake sawa, amma saboda masu 7D da 5D Mark II bari in faɗa. Katin memorinsu, wato CF, ramuka 50 gare shi, a cikin kyamara kuma akwai siraran allurai 50 da ke shiga. Ana tsakiyar liƙi kati ya cika, mataimakina ya canja cikin duhu da sauri ya ji ya ɗan cije sai ya danna da ƙarfi, shikenan kyamara ta mutu a hannunsa. Allura ɗaya ce ta lanƙwashe ta kwanta kan 'yar'uwarta ta haɗa wuta. Mun canja batir har uku a banza. Sai washegari da na haska ramin da fitilar waya na gan ta a kwance. Duk wanda tasa ta ɗauke daidai lokacin canja kati to ya cire batir nan take ya haska ramin kafin komai, kuma kar ya ɗauki katin nan ya tura a wata kyamarar ko kad rida sai ya duba ramukansa, in guntun allura ya karye a ciki ita ma zai lalata ta. Af, su waɗannan manyan suna da ɗan batirin agogo CR1616 a ɓoye, wani lokacin in ta daskare cire shi tare da babban na ɗan lokaci yana dawo da ita hayyacinta, sai dai ka sake saita kwanan wata.

Maihoto_Kurna:
Alhamdulillah!!! Baba Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Na kwance girif na mayar da murfi, ina rufewa jar fitila ta ƙifta, ta kawo. Na duba girif ɗin ɗaya daga cikin 'yan filolin zinaren da ke saman sandar ya nutse ciki bai dawo ba, dama ba orijina ba ne gwanjo na saye shi. Asabar da batir ɗaiɗai zan yi aiki in zuba sauran a aljihu.

Injiniya_Sabongari:
Barka maigida, ka tsira da kuɗinka. Ni gyaran nake yi, bari in ƙara abin da ba a ambata ba. Lens ma yana hana kyamara tashi, in wayar cikinsa ta tsinke ta haɗu ko filolin bayansa sun yi datti, musamman da hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Cire shi ka kunna jikin shi kaɗai, in ta kawo ka goge filolin da tsumma mai laushi da ɗigon sifirit. Haka filasha ta sama da wayar USB, a cire komai sannan a riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya, in ka canja abu uku lokaci guda ta tashi ba ka san wanne ba ne kuma gobe zai sake maka.
Waɗanda suke zuwa min a mace da gaske kuwa, mafi yawa masu ɗaukan wa'azi da tafsiri ne da ke sa batirin bogi mai waya don kar caji ya ƙare. Abin yana son wajen bolt 8, sai adaftarsa ta ɓata mutum ya ga ta rauta ko ta dikoda bakinsu ɗaya ya soka, ita kuma 12 ce. In an yi sa'a ɗan fis ne a bod ɗin wuta ya ƙone, ƙanƙane ne sai da madubi ake ganinsa, a canja a wuce wajen. In ba a yi sa'a ba bod ne gaba ɗaya. Kuma dan Allah ku daina kwancewa da sukundireba a gida don kun kalli bidiyo. Duk kyamarar da ke da filasha a jikinta akwai kafasita mai riƙe wajen bolt 300 ko an cire batir, ni kaina sai na sauke ta kafin in sa hannu. Masu kai wa mai gyaran waya ya hura mata iska mai zafi kuma, in ta zo min robobin ciki sun narke kuɗin ya ninka.

Ummu_Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Injiniya tunda kana nan, ni ba mai sana'a ba ce. Ƙaramar Nikon Coolpix ce ta mahaifinmu Allah ya jiƙansa, da ita ya je aikin Hajji, mai cin batir biyu irin na rimot babba. Na sayi sababbi a kiyos na saka, lens ya ɗan leƙo ya tsaya ta mutu, yanzu ko hakan ma ba ta yi. Cikin ramin akwai wani farin gari a jikin ƙarfen. Hotunansa nake so.

Injiniya_Sabongari:
Allah ya jiƙan baba ya sa Aljanna makoma. Hajiya abu biyu ne. Batirin kiyos mai arha na rediyo da tocila ne, ba shi da ƙarfin tura motar lens da cika filasha, shi ya sa ya leƙo ya tsaya. Ki nemi wanda aka rubuta alkaline a jiki, ko mai caji NiMH wanda ya ma fi. Farin garin kuma tsohon batir ne ya yi yoyo ya bushe a kan ƙarfen yana tare wuta. Ki ɗan jiƙa audugar goge kunne da ruwan lemon tsami ko binega, kaɗan fa kar ya ɗiga ciki, ki goge har ƙarfen ya yi haske, har da na jikin murfi, ki bi da busasshiya ki bar ta a buɗe ta kwana, kuma ki wanke hannu don garin yana cin fata. Amma kafin duk wannan ki duba kusa da batir akwai katin SD, ki zare shi ki sa a kad rida ki kwashe hotunan a kwamfuta, wannan ba ya buƙatar kyamara ta tashi. In kin ga babu kati a ramin to hotunan suna ƙaramin memorin cikinta ne, sai ta kunnu za a jawo su ta waya, don haka kar ki bari kowa ya danna fomat ko ya ce zai canja mata bod kafin a kwashe.