Neman shawara: Ina son karatun noman lambu, Baba ya ce ɓata lokaci ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar Gwammaja ce, bana na gama sakandare. Raina ya kwanta da karatun noman lambu da itatuwan marmari, amma Baba ya ce masu noman salak a bakin Jakara wace jami'a suka je? Ga shi ba mu da gona ko taku ɗaya. Don Allah a ina ake karatun, kuma ana cin abinci da shi?

Malamin gona mai ritaya: Wa alaikumus salam 'yata. Mahaifinki yana da gaskiya ta wani ɓangaren, shuka da ban ruwa a gona ake koyonsu. Amma ki tambaye shi ko ya tuna 2016, lokacin da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatirin Kadawa da Kura. Mutanen da suka tsufa a noman rani suka yi ta feshi a banza, domin a cikin ganye take ɓuya, kuma nan da nan take sabawa da magani. Gane cuta, zaɓen iri da gwajin ƙasa, waɗannan su ne aikin makaranta. Ki bi shi da lalama, kada ki yi masa gardama.

Ɗalibin aikin gona: A Jami'ar Bayero (BUK) digirin aikin gona shekara 5 ne, ɗaya daga ciki a gona za ki yi ta, rana da laka ba ruwansu da ke mace ce. Da farko har kiwo da kimiyyar ƙasa za ki taɓa, sai can gaba ki karkata ga amfanin gona. In difloma kike so, akwai Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa, jihar Gombe, ga kuma Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta nan kusa. Ki riƙe kimistiri da bayoloji da kyau.

Hajiya mai dashe: Ƙanwata, batun gona kada ya dame ki. A tsakar gida na fara, da leda da takin gargajiya. Mangwaro ɗan aure da gwaiba da lemo, masu sabon gini suna nema kullum. Wanda ya iya aurar da bishiya, wato haɗa reshen iri mai kyau a jikin wani dashen, hannunsa ba ya rabo da kuɗi. Ruwa ne kawai matsala, in babu rijiya zafin Afrilu zai ƙone miki komai, kuɗin 'yan garuwa kuma ya cinye ribar.

Wani ɗan kasuwar 'Yankaba: Ni dai gaskiya zan faɗa. In aikin gwamnati kike hange, guraben kaɗan ne. Akwai tashar NIHORT, cibiyar binciken noman lambu ta ƙasa, a Bagauda, amma mutum nawa za ta ɗauka? Ki zo kasuwa lokacin da tumatir ya yi yawa, ko ki je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, ki ga abin da ke ruɓewa a kwando kafin ya kai Legas. Mai ilimin adanawa da busarwa muke nema. Kwalejin tarayya da ke Hotoro ma harkar amfanin gona bayan girbi take koyarwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, in Mama ta yarda zan iya zuwa ranar Asabar in ga yadda ake auren mangwaron?

Hajiya mai dashe: Ki zo da sassafe kafin rana ta yi, ki taho da sabuwar reza.