Shin da gaske hanyar Freud ta mutu, ko sauya kama ta yi?

Bilkisu A.

Assalamu alaikum. Tambayata ga yayyenmu ne da iyayenmu da suka riga mu shiga aikin lafiyar ƙwaƙwalwa. Ina digiri na biyu a saikoloji, ɓangaren asibiti, yanzu kuma ina zaman koyon aiki. A aji a gurguje aka ba mu Sigmund Freud, wanda ya kafa saikoanalisis, wato jinya ta hanyar zantawa don tono abin da ke ɓoye a zuciya: doguwar kujerar da majinyaci ke kwanciya a kai, fassarar mafarki, zancen Oedipus, wato ra'ayinsa cewa yaro yana kishin ubansa a kan uwarsa. Sannan aka ce masanin falsafa Karl Popper ya riga ya nuna saikoanalisis ba kimiyya ba ce, tunda babu hanyar da za a bi a ƙaryata ta. Daga nan aka rufe babi, aka shiga CBT, wato jinyar gyara tunani da ɗabi'a.

Ni CBT ɗin ina yin ta, ina kuma ganin amfaninta. Amma akwai wata baiwar Allah da nake gani, matar aure mai ciwon damuwa. Duk aikin gida na rubutawa da na ba ta sai ta dawo da shi a cike, da rubutu mai kyau, takardar ma a cikin leda don kada ta yi datti. In na tambaye ta jiki sai ta ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi sosai," tana murza bakin hijabinta. Barci dai har yanzu ba ta samu, ramar kuma tana nan. Abin da ya fi damuna shi ne ni kaina. Da ta fita sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, har da wani haushi-haushi da ban san dalilinsa ba, alhali matar nan ba ta taɓa yi min komai ba sai ladabi. Fom ɗin da muke cikewa ba shi da gurbin wannan.

Wata 'yar ajinmu ta ce masu saikoanalisis na yanzu a kan irin wannan suke aiki. Da gaske ne? Hanyar ta mutu ne kamar yadda aka koya mana, ko akwai abin da ya sauya?

Dakta Habu

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da aka koya muku saikoanalisis ce ta wajen 1912, shekarar da Freud ya shawarci likitoci su zama kamar madubi, kada majinyaci ya ga komai a tare da su sai abin da shi ya kawo. Mutumin ya rasu a Landan a 1939, kuma almajiransa ba su naɗe hannu ba. Bai daɗe da rasuwa ba rigima ta ɓarke a ƙungiyarsu ta Birtaniya tsakanin 'yarsa Anna Freud da Melanie Klein, daga 1942 zuwa 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya, har ƙungiyar ta rabu gida uku. A gida na uku, na 'yan ba-ruwanmu, aka samu su Donald Winnicott, likitan yara, wanda ya mayar da hankali kan uwa da jaririnta na zahiri.

Amma abin da ya shafi tambayarki kai tsaye, Paula Heimann ce ta faɗe shi a 1950. Kafin ita, in likita ya ji haushi ko tausayi ko barci a gaban majinyaci, sai a ce matsalarsa ce, ya je ya gyara kansa. Ita kuwa ta ce abin da likita ke ji kayan aiki ne, domin mutum yakan sa na kusa da shi ya ji abin da shi ya kasa furtawa. A Amurka kuma, cikin shekarun 1980, Stephen Mitchell da abokan aikinsa suka ƙara gaba. Suka ce babu likitan da ke zaune a gefe yana kallo. Mutum biyu ne a ɗakin, kowa na taɓa kowa, kuma a cikin wannan mu'amalar ake samun waraka. A ganina wannan shi ne babban sauyin, sauran duk daga gare shi suka fito.

To majinyaciyarki. Ruwa ba ya tsami banza. Macen da ke sa aikin gida a leda, wataƙila ta taso ne da sanin cewa ana son ta muddin ba ta ba kowa wahala ba. Ta mayar da ke wata wadda dole a faranta wa, kamar uwar miji ko malamar Islamiyya. Haushin da ita ba ta da izinin ji, ke kike fita da shi daga ɗakin.

Na taɓa ganin wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda kullum sai ya miƙe kafin lokacinsa ya cika, ya ce kada ya ɓata min lokaci, ga jama'a na jira. Na lura in ya tashi har wata 'yar sa'ida nake ji, sai wannan ya tsaya min a rai. Wata rana na ce, "Baba, lokacin nan naka ne, amma kullum kana mayar min da shi. A gida ma haka kake yi?" Ya koma ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce tun da ya yi ritaya a zaure yake cin abinci, shi kaɗai, don kada ya takura wa yara. A ranar aikin ya fara.

Sai dai ki yi hattara. Abin da kika ji alama ce kawai. Mai yiwuwa gajiyarki ce, mai yiwuwa ta tuna miki wata a gidanku. Ki rubuta zaman yadda ya gudana, ta ce na ce, har da abin da ya ɗarsu a ranki, ki kai wa malamin da ke duba aikinki kafin ki furta mata komai. In lokacin magana ya yi, kada ki ce ta ba ki haushi. Ki tambaye ta ko akwai inda aka yarda ta ce babu sauƙi.

Nasiru Gusau

Dakta, Allah ya ƙara girma, amma ni ban gamsu ba. Ma'aikacin jinya ne ni a sashen ƙwaƙwalwa. Ranar ganin likita layi tun asuba yake farawa, wanda ya samu minti goma ya gode Allah. Wasu daga ƙauye suke zuwa, kuɗin mota ma rance ne. Saikoanalisis ta asali kuwa sau huɗu ko biyar ce a mako, shekara da shekaru. Wa zai biya, wa kuma zai yi?

Kada mu manta kuma Aaron Beck, wanda ya kafa CBT, horon saikoanalisis ya samu da farko. Da ya gwada ra'ayoyinta a kan masu ciwon damuwa bai ga sun tabbata ba, shi ya sa ya kama wata hanya. Ni wannan ya fi kwanta min, a gwada abu a gani.

Ga zancen addini. Freud a 1927 ya fito fili ya ce addini ruɗi ne. Farfesa Malik Badri na Sudan, Allah ya jiƙansa, tun 1979 yake jan kunnen Musulmi masu wannan fanni kada su haɗiye abin Turawa ba tauna. Shi kuma Oedipus ɗin nan, uba ɗaya, uwa ɗaya, ɗa ɗaya a bene a Biyana, garin Freud, ina zai zauna a gidan mai mata uku da kaka da 'yar riƙo?

Maman Sadiq

Malam Nasiru, tambayarka ta ƙarshe ita ta jawo ni, don tarbiyyar ƙananan yara nake koyarwa. Ba kai ka fara yin ta ba. Girindrasekhar Bose, wanda ya kafa ƙungiyar saikoanalisis ta Indiya a Kalkata a 1922, tun Freud na da rai yake rubuta masa cewa majinyatansa ba su dace da wannan tsari ba. A asibitin Fann da ke Dakar, Marie-Cécile Ortigues da mijinta Edmond sun fitar da nasu binciken a 1966, inda suka ga cewa a can uba ya haɗe da kakanni, ba a ja da shi, kishin sai ya koma kan 'yan'uwa da sa'o'i. Duk wanda ya tashi tsakanin 'yan uba ya san wannan ba baƙon abu ba ne.

Shi kansa nazarin shaƙuwar jariri da mai renonsa, wanda John Bowlby ya assasa, Afirka na da hannu a ciki. Mary Ainsworth a ƙauyukan kusa da Kamfala ta Yuganda ta fara zama da iyaye mata tana lura, a 1954 da 1955. Har a kanmu an yi: a 1977 Robert Marvin da su Robert LeVine sun buga bincike kan jariran Hausawa, suka ga yaro na shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya a gida, amma ya fi jingina da wadda ta fi ɗaukarsa, ko da ba ita ta haife shi ba.

Abin da nake tsoro shi ne a ɗauko ma'aunin wani wuri a auna mu da shi. Uwa ta zo asibiti da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kakarsa ce ke goye da shi. Wanda bai san alkunya ba sai ya rubuta cewa ba ta damu da ɗanta ba. Ni kuwa na ga irin wannan uwar ta kwana a tsaye kan yaron da zazzaɓi, ta ƙi cin abinci, amma da gari ya waye ta kawar da kai kamar ba nata ba. Bilkisu, ki riƙe wannan a duk littafin da za ki buɗe.

Dakta Habu

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Nasiru ɗan'uwana, kana da gaskiya a kan cewa CBT ta fi yawan gwaje-gwaje, nesa ba kusa ba. Masu saikoanalisis sun daɗe suna ƙin a auna aikinsu, kuma hakan ya cuce su ya cuci marasa lafiya. Amma an fara gyarawa. Anthony Bateman da Peter Fonagy a Landan sun ƙirƙiro hanyar koya wa mutum ya riƙa tsayawa ya karanci abin da ke ransa da ran wanda ke gabansa, suka gwada ta wata 18 a kan masu yanka jikinsu da yunƙurin kashe kai. Sakamakon da suka buga a 1999 ya nuna raguwar cutar da kai da ta kwanciya asibiti, ko da yake mutanen ba su da yawa. A 2015 kuma aka buga binciken asibitin Tavistock da ke Landan kan mutum 129 masu ciwon damuwar da ya ƙi jin magani. Kusan rabinsu aka yi wa zama ɗaya a mako, wata 18, sauran suka tsaya kan jinyar da aka saba. Da aka gama bambancin bai fito sosai ba, sai da aka bi su shekara biyu bayan nan aka ga waɗanda suka yi zaman sun yi wa sauran nisa. Ka lura, sau ɗaya a mako ne, ba biyar ba.

Zancen talaka kuwa tsoho ne a cikinsu. A 1918 a Budafes Freud ya ce dole a buɗe wuraren jinya kyauta, a 1920 Max Eitingon ya buɗe irin wannan a Barlin. Maganarsa kan addini ra'ayinsa ne, ni ban ɗauka ba, kuma abokinsa Oskar Pfister, limamin coci a Siwizalan, ya mayar masa da martani a 1928 ba tare da ya bar aikin ba.

Ta fuskar ƙwaƙwalwa ma akwai motsi. Mark Solms, ɗan Afirka ta Kudu, ya nuna cewa wasu masu rauni a wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa, inda jijiyoyin neman abin so ke ratsawa, suna daina mafarki. Daga baya ya saɓa wa Freud kansa, ya ce ji da farkawa daga tushen ƙwaƙwalwa suke tasowa, ba daga samanta ba.

Abin da nake ganin zai yi aiki a sashenku shi ne na Michael Balint. Cikin shekarun 1950 a Landan ya riƙa tara likitocin unguwa, ɗaya ya kawo labarin majinyacin da ya tsaya masa a rai, ba tare da fayil ba, sauran su tattauna abin da ke gudana tsakanin su biyun. Ba kujera, ba kuɗi, ɗaki kawai da mai jagora.

Nasiru Gusau

Mutum 129 dai bai isa in sauya ra'ayi ba, Dakta, kuma bincike a Landan ba bincike a Zamfara ba ne. Amma na Balint ɗin zan iya kai wa shugabar sashenmu. Muna da wani matashi da yake dawowa duk bayan an sallame shi, har ya kai in an ga sunansa a rajista kowa sai ya tsiri wani aiki. Ba mu taɓa zama mun tambayi kanmu dalili ba. Alhamis bayan la'asar muke da sarari. Mutum nawa ya kamata a tara, kuma dole ne mai jagoran ya zama likita, ko babbar nas za ta iya?