Neman kalma: wane irin fushi ne wannan?

Ummi, Jos: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shirin lafiya a rediyo gobe Asabar da ƙarfe 4 na yamma, kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Ina son taƙaita binciken da Farfesa Jeffrey Swanson na Jami'ar Duke da abokan aikinsa suka wallafa a 2015. Sun duba hirar da aka yi ido da ido da mutum 5,563 a Amurka, suka gano kusan kashi 9 cikin 100 na manya suna da abin da suka kira impulsive angry behavior, kuma akwai bindiga a gidajensu. Kashi 1.5 kuwa har fita suke yi da ita. Me zan kira wannan fushin? Wanda ya duba min rubutun ya sa "masu taɓin hankali", ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Bukuru: Wa alaikumus salam. Zafin zuciya mana, Anti. Kowa ya san shi.

Maman Hanifa: Saurin fushi ya fi. A wasu bakunan zafin zuciya yabo ne, ana faɗa wa yaron da ba ya son raini ko mai neman na kansa.

Anti Nas, Rikkos: Ummi, goge taɓin hankalin nan tun kafin ki je ko'ina. Na yi shekaru a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, na ga uwa ta shigo da 'yarta ta lulluɓe mata fuska da mayafi don kada 'yan unguwa su gane ta. Ki ce a rediyo masu wannan lalura ne ke riƙe da bindiga, kin ƙara musu kaya. Kuma ba abin da binciken ya ce ke nan ba. Halin da aka tambayi mutane a kai shi ne ɓarkewa da faɗa, fasa kaya, da kai wa ga dambe. Cikin masu wannan hali da ke da bindiga, waɗanda aka taɓa kwantarwa a asibiti saboda ƙwaƙwalwa ko shaye-shaye ba su kai 1 cikin 10 ba. Ma'ana dokar Amurka ta 1968, wadda ta hana bindiga ga wanda aka kwantar bisa tilas, ba ta kama mafi yawansu. Nan ne zuciyar maganar.

Malam na Gangare: Duk kuna jan zance da tsawo. Hausa tana da ma'auninta. Mai mantuwa mantau ne, mai makara makarau ne, to mai saurin harzuƙa harzuƙau ne. Kalma ɗaya tak. Ki ce "harzuƙau masu bindiga", kin gama.

Ɗan Bukuru: Allah ya gafarta Malam, ban taɓa jin ta ba.

Malam na Gangare: Kafin a ce jirgin sama ma ba wanda ya taɓa ji. Haka harshe yake girma. Idan ma'aikatan rediyo suna tsoron sabuwar kalma, wa zai shigar da ita kunnen jama'a? Shi ya sa ake cewa mu 'yan Jos ba mu iya Hausa ba, kullum sai mun jira Kano ta yanke mana.

Maman Hanifa: Haba Malam, wa ya kawo Kano? A Terminus kana jin Birom da Ngas da Bayarabe suna ciniki da Hausa, wannan bai isa abin alfahari ba?

Malam na Gangare: Hausar ciniki daban, ta ilimi daban. Shekara 20 ina koyar da nahawu, ba da ka nake magana ba.

Anti Nas, Rikkos: Malam, ginin kalmar daidai yake, ba na ja. Damuwata ita ce mantau da makarau laƙabi ne, da su ake tsokana. Kafin Litinin yara sun liƙa wa wani a makaranta. Masu binciken kuma hali suka auna, ba su ware wani jinsin mutane ba.

Ummi, Jos: Na gode muku duka. Ga yadda na gyara: "Kusan mutum 9 cikin 100 a Amurka sun ce suna da saurin hasala da ke kai su ga fasa kaya ko dambe, kuma akwai bindiga a gidajensu." Daga nan sai in riƙa cewa saurin hasala kawai. Zan faɗa ƙarara cewa binciken bai ce waɗannan mutane sun harbi kowa ba. Kuma duk inda na ambaci adadi zan maimaita Amurka, domin a garin nan mai sauraro kan iya kama rabin magana a cikin Keke Napep ya sauka da ita a Bauchi Road a matsayin labarin Filato.

Ɗan Bukuru: "Sun ce" ɗin nan kada ki bar shi, tunda su suka faɗa da bakinsu.

Malam na Gangare: Hasala Hausa ce, ba laifi. Amma kalma 2 ce inda 1 za ta isa. Ni dai harzuƙau zan ci gaba da koya wa ɗalibaina.

Ummi, Jos: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Anti Nas, ki taimaka ki bar wayarki a kunne gobe daga ƙarfe 4, idan masu kira suka koma kan hauka zan haɗa ki kai tsaye.