Wai jikin mutum yana tsatsa? Gardamar daren Talata a zauren 'yan Arewa mazauna Agege

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake wallahi. Wata uku ke nan ina saya wa mahaifiyarmu wasu ƙwayoyi 'yan waje, kwalba naira dubu 38, saboda ciwon gwiwa da hawan jini. Wanda ya sayar min ya ce antiyoksidan ne, suna wanke tsatsar jiki, duk kumburin da ke ciki zai sace. Yau na ɗauke ta tun asuba, muka sha gosulo awa biyu, da muka isa asibiti likita ya juya kwalbar ya karanta bayanta, ya turo min ita da gindin biro, ya ce kuɗina na zubar. Har da yi min faɗa a gaban mutane wai wa ya ce ta ajiye maganin hawan jininta. Ku gaya min, gaskiya likitocin nan suke faɗa, ko haushi ne don ba a hannunsu aka saya ba?

Malam Na-Sakkwato: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Amma ka janye kalmar tsatsa. Ɗan Adam da Allah ya karrama, daga turɓaya aka yi shi. Tsatsa ta kwanon rufi ce da ƙusa.

Ɗan Gwaggo: Allah gafarta Malam, ku da kanku kuke cewa a wa'azi zuciya tana tsatsa.

Malam Na-Sakkwato: Waccan ta zunubi ce, maganinta karatun Alƙur'ani da tuna mutuwa, kuma kyauta ne. Ba dubu 38 ba.

Audu Bakanike: Ni da nake kwana a ƙarƙashin danfo ni zan faɗi tsatsa. Motar da ta shekara a Apapa da wadda ta shekara a Kano, leƙa ƙasansu ka gani. Iskar teku ce. In tana cin ƙarfe, don me ba za ta ci mutum ba? Duk wanda ya daɗe a Ikko gwiwarsa na ƙara.

Malam Na-Sakkwato: To sai ka zuba wa gwiwarka baƙin mai.

Baban Khalifa: Jama'a ni fa a kan likita na yi tambaya.

Sadiƙu Idi-Araba: Iyayena ku ba ni minti biyu. Kalmar tsatsa kwatance ce kawai. Jiki yana ƙona abinci da iskar oksijin, a wajen ƙonawar wasu burbushi ke fita masu saurin lalata duk abin da suka taɓa, su ake kira firi radikal. Irin aikin da ke sa yalo ya yi baƙi bayan an yanka, ko man gyaɗa ya yi wari in ya daɗe a galan. Jiki yana da nasa masu sharar burbushin, su ake kira antiyoksidan, abinci yana ƙara masa wasu. Kuma akwai ƙarfe a jini da gaske, a jikin babba bai wuce giram 3 zuwa 4 ba.

Ɗan Gwaggo: Kun ji! Akwai ƙarfe. Inda ƙarfe yake tsatsa na nan. Malam sai a ba da haƙuri.

Malam Na-Sakkwato: Giram 4, ƙusa guda ke nan. A kan ƙusa guda za ka mai da mutum bodin mota?

Sadiƙu Idi-Araba: Kawu ban gama ba. Tunanin cewa burbushin nan ke tsufar da mutum tun 1956 wani Ba'amurke, Denham Harman, ya kawo shi, aka yi ta murna an samo maganin tsufa. Da aka zo gwaji a jikin mutane sai labari ya sha bamban. A Finlan an bi maza masu shan taba wajen 29,000, sakamakon ya fito a 1994: waɗanda aka ba ƙwayar bita-karotin, wani nau'in antiyoksidan, sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka an tsayar da makamancinsa a 1996 tun lokaci bai yi ba, saboda abin da aka fara gani. A 2011 kuma gwajin bitamin E, shi ma antiyoksidan ne, a kan maza wajen 35,000 ya nuna ƙarin kashi 17 na kansar prostet, wadda ke kama maza a gindin mafitsara. Burbushin nan ma suna da amfani, da su fararen ƙwayoyin jini ke kashe ƙwayoyin cuta. Masu cin ganye da 'ya'yan itace an ga sun fi lafiya, amma da aka tsame sinadari ɗaya aka cusa a kafso, ribar ba ta biyo shi ba.

Alhaji Mai Raguna: Yaro, masu shan taba ka ce? Kana nufin mahaifiyar Baban Khalifa tana shan taba?

Sadiƙu Idi-Araba: Subhanallahi, Alhaji ban ce ba.

Alhaji Mai Raguna: To me ya kawo taba cikin zancen dattijuwa? Tarbiyyar boko ke nan. Ubanka a Alaba Rago ba zai faɗi haka a gabana ba.

Ɗan Gwaggo: Kuma Finlan ƙasar ƙanƙara ce, jininsu daban namu daban. Kayan nan da lambar NAFDAC a jikinsu, ni na gani da idona.

Audu Bakanike: Tsaya. Yaya aka yi ka gani da idonka? Baban Khalifa bai sa hoton kwalba ba.

Baban Khalifa: Tunda an zo nan, shi ya sayar min. Na rufa masa asiri ne saboda zumunci.

Audu Bakanike: Kifi na ganinka mai jar koma!

Ɗan Gwaggo: Na sayar, sana'a ce, ba sata na yi ba. Ni ban taɓa cewa ta daina maganin asibiti ba. Kai Audu da kake baki, ina zubin adashen watan jiya?

Audu Bakanike: Na ba ma'aji a bakin masallaci, ranar Juma'a, gaban shaidu biyu.

Sadiƙu Idi-Araba: Kawu lambar tana nufin an yarda kayan su shiga kasuwa. Karanta ƙaramin rubutun da ke jikin irin waɗannan kwalabe, da yawansu an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Ɗan Gwaggo: Kar ka ƙara ce min Kawu sai ka gama makaranta.

Hajiya Maman Ummi: Duk ku kuka jawo wa kanku, kuna raina na gida. Zoɓo fa? Jan nan nasa ai shi ne antiyoksidan ɗin, ko ba haka ba Sadiƙu?

Sadiƙu Idi-Araba: Haka ne Mama, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan sauke hawan jini. Ɗan kaɗan fa, ba ya maye gurbin magani. Kuma in an zuba masa sukari kamar na biki an koma gidan jiya.

Hajiya Maman Ummi: Nawa da abarba da kanumfari nake yi, sukari ɗan ɗanɗano. Gora 500.

Malam Na-Sakkwato: Soɓorodo ake cewa, ganyen kuma sure. Kanawa kun ɓata Hausa.

Alhaji Mai Raguna: Yakuwa dai Malam. Ku da kuke cewa "mi na na" za ku koya mana Hausa?

Malam Na-Sakkwato: Daga ina aka kai muku tuta?

Audu Bakanike: To fa, an taɓo tarihi. Ni na tafi, wuta ta ɗauke, caji kashi 4.

Shugaban Zaure (Baban Ummi): Jama'a dare ya yi, bari in taƙaita yadda na fahimta. An yi ittifaƙi cewa kayan Turawa ba su da amfani, har cuta suke sawa, ɗanmu Sadiƙu ya kawo hujja daga ƙasashensu. An kuma tabbatar a ilimance cewa zoɓo maganin hawan jini ne, mai buƙata ya san inda zai samu mai tsafta. Maganar tsatsa Malam ne da gaskiya, kada a sake faɗinta a nan. Sadiƙu zai ba Alhaji haƙuri a kan zancen taba. Batun adashe a kawo shi taron Lahadi.

Sadiƙu Idi-Araba: Baba ban ce magani ne ba. Don Allah Yaya Baban Khalifa a mayar da Hajiya kan ƙwayoyinta na asibiti tun daren nan.

Baban Khalifa: Ta sha tun da magariba. Kwalba uku dubu 114, akwai ɗaya ma ba a ɓalle murfinta ba. Ɗan Gwaggo, gobe in kawo maka shago ko gida?

Ɗan Gwaggo ya fita daga zauren.