Haɗa midiya da soshiyoloji a digiri ɗaya: riba ce ko taura biyu?

Autar Gida: Salam jama'a don Allah shawara nake nema. Na ga akwai jami'o'in da ke ba da digiri ɗaya da ya haɗa midiya da soshiyoloji, wato ilimin zamantakewar al'umma, ana raba kwasakwasan kusan rabi da rabi, ni kuma aikin jarida nake so tun ina ƙarama. Yayana ya ce ɓata lokaci ne, wai zan fito ba tsuntsu ba tarko, gara in yi maskom zalla, wato karatun aikin jarida da yaɗa labarai. Wai da gaske haka ne?

Tsohon Edita: Wa'alaikis salam 'yata. Yayanki ya faɗa miki gaskiya, taura biyu ba ta taunuwa. Aikin jarida sana'ar hannu ce kamar ɗinki, sai ka yi ta yi kana ɓatawa ana gyara maka. Na sha karɓar yara masu zuwa koyon aiki, akwai wata da ba zan manta ba, na tura ta inda aka yi gobara ta dawo ta rubuto min shafi biyu, sakin layi na farko duk bayani ne kan talauci da tsarin al'umma, sai can ƙasa na tarar ashe mutum biyu sun rasu. Na ce mata 'yar nan mai karatu so yake ya ji me ya faru, a ina, yaushe, wa abin ya shafa, sauran ki ajiye wa lakcaranki. In kin raba lokacinki biyu, awannin da za ki yi kina koyon rubuta kan labari da haɗa murya su za a yanke.

Mai Kyamara: Hhh Baba ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni ban taɓa zuwa neman aiki an tambaye ni wane ne Durkheim na littattafan soshiyoloji ba wlh, cewa ake nuna mana abin da ka ɗauka, shikenan

Anti Malama: Yallaɓai da girmanka amma ban yarda ba. Waccan yarinyar ba soshiyoloji ne ya ɓata ta ba, ba a koya mata rubutun labari ba ne, kuma wannan gyaran wata uku ne a ɗakin labarai in ta samu edita irinka. Abin da ba a gyarawa a wata uku shi nake so mu duba. A 1936 wata mujalla a Amurka, Literary Digest, ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10 kan zaɓen shugaban ƙasa, sama da miliyan 2 suka dawo, ta buga cewa Landon ne zai kayar da Roosevelt. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya cinye jiha 46 cikin 48, Landon jiha biyu kacal ya samu, Maine da Vermont. Ba rubutu ne ba su iya ba, ƙwararrun editoci ne, sunayen ne suka kwaso daga littafin masu tarho da rajistar masu mota a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan waɗanda suka damu suka mayar da amsa ma ba irin sauran jama'a ba ne. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da mutane ƙalilan in aka kwatanta da nasu ya faɗi wanda zai ci daidai saboda ya kula da su wa ake tambaya. Mujallar ba ta fi shekara biyu ba bayan nan ta rufe. Toh wannan tambayar, su wa na tambaya su wa na bari, a ajin hanyoyin bincike na soshiyoloji ake dasa ta a kan ɗalibi har ta zame masa jiki.

Tsohon Edita: Malama wannan ai lissafi ne. Kwas ɗaya na ƙididdiga ya isa, kuma ana yinsa a maskom ɗin ma. Don kwas ɗaya ba sai an sayar da rabin digiri ba.

Ɗan Aji Huɗu: Baba a yi min afuwa in sa baki tunda ni haɗin nake yi yanzu haka, shekarar ƙarshe. Kowa a cikinku yana da gaskiya ta wani gefen amma bari in faɗi abin da jikina ya gaya min. Wahalar gaskiya ce, sashe biyu ne kowanne yana ganin kai nasa ne rabi, jadawalin lakca ya yi karo ka je nan a ce ka je can, ranar da 'yan maskom zalla suke situdiyo suna koyon haɗa shiri ni ina laburare ina fama da littattafan Weber masanin soshiyoloji, kuma har yau in aka zo editin bidiyo sun fi ni sauri nesa ba kusa ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma akwai aikin da aka ba mu a aji uku da ya canja min kunne gaba ɗaya. Cewa aka yi kowa ya zaɓi tasha ɗaya ya saurari labaran yamma na sati biyu, ya ja layi a takarda, duk muryar da aka saka ka rubuta ta wane ne, jami'i ne ko ɗan kasuwa ko wanda abin ya faɗa wa, namiji ko mace, an bar shi ya yi magana da bakinsa ko mai karanta labarai ne ya faɗa a madadinsa. Kafin in gama satin farko layin jami'ai ya cika na juya bayan takarda, layin waɗanda abin ya shafa kuwa ƙwaya-ƙwaya. Kuma tashar ba ƙarya take yi ba fa, duk abin da suka faɗa ya faru, kawai dai mai ofis da lambar waya shi ya fi saukin samu kafin lokacin labarai ya yi. Tun daga ranar in na ɗauki rikoda sai na tambayi kaina wa na tsallake don kawai nemansa da wuya.

Mai Kyamara: toh ai wannan ko a bakin aiki za ka gane shi malam, ba sai an ba ka maki a kai ba

Ɗan Aji Huɗu: Anya kuwa yaya? waɗanda na saurara ɗin ai a bakin aikin suke, wasu sun fi shekaruna na haihuwa a ciki

Anti Malama: Hhh ya ba ka amsa. Kuma ni abin da ke ban mamaki shi ne yadda ake maganar kamar wasu baƙin juna aka ɗaura wa auren dole. Robert Park da ya zama jigon soshiyoloji a Jami'ar Chicago sai da ya yi sama da shekara 10 yana ɗan rahoton jarida kafin ya koma karatu, a 1922 ma ya fitar da bincike kan jaridun baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Max Weber a taron farko na ƙungiyar masana soshiyoloji ta Jamus a Frankfurt, 1910, shawarar da ya kawo ita ce a yi gagarumin bincike kan jaridu. Su kansu ka'idojin da ake haddacewa a maskom ɗin daga ina suka fito? Masanin soshiyoloji Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa a zaɓen shugaban Amurka na 1940 sun bi mutum 600 a gundumar Erie ta jihar Ohio suna komawa wajensu wata bayan wata, suna zaton za su ga rediyo da jarida suna juya ra'ayin mutane, sai suka tarar kaɗan ne suka sauya, kuma masu sauyawar sun fi ambaton wani na kusa da su da ya yi musu magana. Daga nan aka samo batun cewa saƙo yakan bi ta kan wasu masu faɗa a ji kafin ya kai ga sauran jama'a. Ɗan maskom zai haddace wannan a layi uku ya rubuta a jarrabawa, wanda ya haɗa da soshiyoloji shi za a koya wa yadda aka yi aka gano, har ya iya gwadawa da kansa a kan WhatsApp ko TikTok.

Tsohon Edita: Malama kin manta ki faɗa musu binciken da Weber ya kawo shawara bai kammalu ba, magana ce aka yi a taro ta watse, irin ta malaman jami'a. Shi kuma Park da kike yabo ai hujjata ce ba taki ba. Titi ya fara koya masa aiki sannan ya je ya ɗora karatu a kai. Ni ban ce soshiyoloji banza ba ne, cewa na yi a bi da tsari, ta koyi sana'a tukuna ta samu abin yi, in ta ga tana so ta je ta yi digiri na biyu a kansa. Kuma tunda ana faɗin gaskiya, akwai wata cuta da nake gani a wasu masu irin wannan karatun, sun karanta yadda ake sukar jarida kafin su taɓa rubuta labari ɗaya, sai su zo suna ganin kowane kanun labari makirci ne. Wanda ya raina sana'a ba ya koyonta.

Anti Malama: Wannan ta ƙarshen na karɓa Yallaɓai, ina ganinsu a ajina, akwai mai zuwa da amsarsa a aljihu kafin ya ga tambaya. Amma digiri na biyu da kake cewa mutum nawa ne ke samun komawa bayan aiki da iyali sun hau kansa? Kuma ɓarnar da ake yi kafin a koma ɗin fa? Masanin soshiyoloji Stanley Cohen ya bi diddigin faɗan da matasa suka yi a garuruwan bakin teku na Ingila a 1964, irin su Clacton, ya nuna yadda jaridu suka kumbura abin ya fi ƙarfin abin da ya faru, jama'a suka tsorata, 'yan sanda da kotuna suka ƙara tsanani, su kuma yaran suka fara ɗaukar sunan da aka laƙaba musu. A 1972 ya buga binciken. Waɗanda suka rubuta kanun nan duk sun iya sakin layi na farko tsaf.

Mai Kyamara: Ni dai tambayata ɗaya, in ta gama wa zai ɗauke ta? satifiket ɗin ma in aka gani za a ce wannan ina ta dosa

Ɗan Aji Huɗu: Ai ba gidan jarida kaɗai ke ɗauka ba yaya, akwai masu binciken jin ra'ayin jama'a, akwai masu auna masu sauraro, hukumomin lafiya masu wayar da kai, masu tantance labaran ƙarya, duk suna son wanda ya iya tsara tambayoyi ya kuma iya rubutu mutum ya gane. Amma ƙanwata kar in rufe ki, in gidan talabijin kike so kai tsaye to sai kin biya bashin situdiyon nan da kanki, ki shiga rediyon makaranta ko jaridar ɗalibai tun aji ɗaya, hutu ki nemi inda za ki koyi aiki ko ba a biyanki. Ni sai aji uku na farga kuma ina jin haushin kaina har yanzu. Sannan kafin ki cike fom ki nemo jerin kwasakwasan ki ƙirga da hannunki nawa ne na aiki da na'ura nawa ne na karatu, don wani wurin sunan midiya ne kawai amma nazarin midiya ake yi, har ki gama ba ki riƙe makirfo ba.

Tsohon Edita: Yauwa, yanzu ka yi magana ɗana. In ta ƙirga ta ga babu situdiyo babu zuwa koyon aiki ta gudu. In akwai, to ni dai har yanzu zalla zan zaɓar wa 'yar cikina, Malama kuma na san ba za ta bari ba.

Anti Malama: Ba zan bari ba kam Yallaɓai, sai dai mu kwana a nan

Autar Gida: Na gode Baba, na gode Anti, Allah ya ƙara girma. Na buɗe jerin yanzu, na ga hanyoyin bincike har sau biyu, aji biyu da aji uku, akwai kwas ɗaya na rediyo ɗaya na rubutun labari, amma zuwa koyon aikin an rubuta na zaɓi ne ba dole ba. Yaya Ɗan Aji Huɗu in na zaɓe shi yana cin gurbin wani kwas ɗin soshiyoloji ne ko ƙari ne a kai?

Ɗan Aji Huɗu: a wajenmu gurbi yake ci, amma kowace jami'a da nata tsarin, ki tura wa sashen saƙo su ba ki amsa a rubuce kar ki yarda da ta baki