Haɗa katakan rufi da katakon tsakiya

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ina ƙara ɗaki a gidana nan Sakkwato, faɗinsa ƙafa 12, rufin kwano mai gangara biyu. Yaya za a haɗa katakan gangara da na tsakiya?

Kafinta: Wa alaikumus salam, Malam. Na tsakiya ya zama tu-bai-sikis (mai kaurin inci 2, faɗin inci 6), a tsaye bisa gefensa, kowane kai ya hau bulo. Na gangara kuma tu-bai-fo (inci 2 da inci 4), a yanke bakin kowanne a karkace har ya manne masa sarai, biyu-biyu suna kallon juna, tazara ƙafa 3. Ƙusa inci 4 guda uku, a gicciye. Ƙusar da ta bi tsawon katako saurin zarewa take.

Magini: Kada a manta katakon da zai ɗaure ƙafafun katakan gangara daga bango zuwa bango. In babu shi, tsakiya ta lotsa, nauyi ya tura bango waje, ya tsage.

Kafinta: Gaskiya ne, Alhaji. Sannan langa-langa: a ɗora bisa ƙoƙuwa ta kama ɓangarorin biyu, ƙasa kuma a ɗaure katakan a jikin linta, don iskar farkon damina ɗaga rufi take. Katako ya bushe, a shafe shi da baƙin mai saboda gara.