Yaya za mu daidaita makin jarrabawar baka ta Turanci?

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawararku kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Mu uku ne ke ba da maki a jarrabawar baka ta Turanci ga ɗaliban jami'a waɗanda ba harshen uwarsu ba ne. Ma'aunai huɗu na IELTS, wato jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci ta ƙasa da ƙasa, muke bi: gudanar magana da tsarinta, yalwar kalmomi, nahawu da furuci, kowanne daga 0 zuwa 9. Amma magana ɗaya da aka naɗa, sai wannan ya ba da 5, wancan ya ba da 7.

A furuci muka fi saɓawa. Ɗayanmu da zarar ya ji karin harshen ɗalibi sai ya zaftare maki. Ni a ganina muddin ana fahimta, kari ba laifi ba ne. Ai CEFR ma, wato tsarin Turai na auna ƙwarewa a harsuna, a bugun 2020, ya daina auna furuci da na ɗan asalin harshe. Sai dai kunnen wa zai tabbatar da cewa ana fahimtar? Malamin da ya saba da karin ɗalibi yana jin sa tsaf, wanda bai saba ba yana ta lalube. Ga kuma ɗalibi mai kunya da ya san nahawu, amma mai baki ya sha gabansa.

Mun zauna mun saurari samfura tare, mun daidaita, ba a jima ba kowa ya koma gidan jiya.

Shin malamai biyu za su riƙa duba kowane ɗalibi a haɗa makinsu a raba biyu, ko sai tazarar ta wuce maki ɗaya a kira na uku? Ɗaliban da yawa, lokaci kuma kaɗan. Don Allah wanda ya gwada wata hanya ta yi aiki, ya taimaka mana.